Kara ko Ƙara: Neman Kakana a Tsoffin Jaridun Minna

Mun tashi daga Kano da asuba, ana idar da salla muka nufi tasha, ni da ɗan Gwaggona, wanda taubashina ne. Ruwa aka kwana ana yi, lungunan unguwa duk taɓo, ni kuma ban runtsa ba. Kwana biyu ke nan da matata ta haifa mana ɗanmu na fari, tana gidansu tana jego, ga ni da jaka a kafaɗa zan bar gari. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya yi mini barka, sannan ya dubi jakar. Ban tsaya yi wa kowa bayani ba, domin bayanin yana da tsawo, kuma ni kaina ban tabbata na san shi duka ba.

Ga yadda abin yake, iyakar sanina. Kakana na wajen uba, Malam Zubairu, ya yi aikin jirgin ƙasa a Minna zamanin Turawa, yana cikin masu zuba wa jirgi kwal. Rana ɗaya ya bar aikin, ya kwaso iyalinsa ya dawo Kano, bai ƙara ambatar Minna ba har ya rasu, kuma bai daɗe a duniya ba bayan dawowar. Babana yana ƙarami lokacin, ko famfara bai yi ba. Gwaggo, yayarsa, ta ɗan yi wayo. Bayan rasuwar ne wani baƙo ya zo gaisuwa da wata 'yar jarida a aljihu, ya karanta wa mutanen gidan cewa abokan aikin Malam sun yi ƙararsa a kan kwal. Jaridar ta tafi da mai ita, maganar ta zauna. Tun daga nan, a duk jikokin da aka haifa, babu wanda aka sa wa sunansa.

Da aka haifi ɗana na je wurin Baba na ce ya zaɓi suna, kamar yadda aka saba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce da zai samu, da sunan Malam. Gwaggo na jin haka ta ce ba da ita ba. Yaro bai yi wa kowa komai ba, ba za a ɗora masa sunan da tsofaffin unguwa suka san an yi ƙararsa ba. Suka yi ta yi, har Baba ya juyo gare ni ya ce, "Kai da ka karanta tarihi a jami'a, ba za ka iya nemo jaridar nan ba?" Na ce mai yiwuwa ne, amma ba lalle ba ne. Bai ji kashi na biyu na maganar ba. Ya ce kada a yi wa yaron huɗuba sai na dawo. Gwaggo ta ce to ɗanta zai bi ni ya zama shaida. Haka na baro jariri ba suna, da sharaɗin in je in dawo kafin ranar Litinin.

Har Zariya ana yayyafi. Direbanmu mutum ne mai son gudu, ni kuwa ina gidan gaba, ƙafata tana taka birkin da babu shi. A Kaduna muka sauya mota, muka daɗe ana jiran ta cika. Taubashina ɗinki yake yi, kuma bakinsa ya fi kekensa sauri. Ya sayo gyaɗa ya miƙo mini, ya ce, "Furofesa, ci ka yi ƙarfi. In muka tarar tsohon nan ɓarawon kwal ne, ni dai ta wajen uwa na haɗa da shi. Kai ne magaji." Mutanen motar suka yi dariya ba tare da sun san zancen ba. Na yi murmushi don kada a ce ban san wasa ba, amma ban ci gyaɗar ba.

Daga Kaduna zuwa kudu ƙasa ta fara sauya kama. Ciyawa ta yi tsawo, itatuwa suka yi duhu, ga duwatsu manya sun fito daga cikin gonaki baƙaƙe ƙirin saboda ruwa. Muka tsaya a Tafa cin abinci, inda manyan motoci suke jere kamar an yi musu gayya. Na ci tuwon shinkafa da miyar kuka don shi na sani, taubashina ya ci sakwara ya ce daga yau ya bar tuwo. Bayan mun karkata zuwa hanyar Minna sai doya ta fara bayyana a bakin titi, tuli tuli, musamman a Lambata da Paiko, kuma da araha ƙwarai in an kwatanta da Kano. Nan na fara ganin matan Gwari da kaya a kafaɗa ba a ka ba, suna tafe a miƙe da nauyin da ni ba zan iya ɗagawa ba. Na so in tambayi dalili, na ji tsoron kada tambayar ta zama rashin ladabi, na bari.

Mun shiga Minna ta Chanchaga da la'asar sakaliya. Gari ne da bai cika hayaniya ba, tsauni a gefe, ga sababbin ofisoshi tun da ya zama babban birnin jiha, ga kuma tsofaffin gidajen kwano masu tsatsa a wajen tashar jirgi. Wani mai sayar da yadi, abokin cinikin taubashina, shi ya sauke mu a ɗakin baƙinsa kusa da babbar kasuwa. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya ce in dai tsohuwar takarda ce, a gwada ɗakin karatu, amma shi a saninsa masu ƙosai sun riga mu.

Washegari Alhamis muka je tun ana share ƙofa. Wadda ke kula da wurin wata mata ce mai tabarau, 'yar garin, kowa Madam yake ce mata. Na fara yi mata bayani tun daga aikin jirgi, ta katse ni.

"Oga, tsaya. Matarka ya haihu, kai ka zo nan neman tsohon pepa?"

Na ce haka ne.

"Namiji ko mace?"

Na ce namiji. Ta ce Allah ya raya, ta ɗauko makulli ta kai mu wani ɗaki a baya. Ta ce akwai wata ƙaramar jarida da ake yi a lardin kafin a samu 'yancin kai, amma ba ta san ko duka suna nan ba, kuma ba wanda ya taɓa jera su. Gaskiya ta faɗa. Ɗauri ɗauri ne da igiya, an tara su a kan katako don gudun danshi, ɗakin yana warin tsohon buhu. Ba wuta. Muka jawo benci kusa da taga.

Jaridar ba ta wuce 'yan shafuka ba. Da tafireta ake buga ta, a juya ta a inji, tawadar ta yi kauri a wani wuri, ta dushe a wani. Ba ni da shekarar da abin ya faru. Abin da nake da shi shi ne haƙoran Baba da wayon Gwaggo, wanda in an auna da kyau zai iya faɗawa ko'ina cikin shekaru da dama. Don haka na ce mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kada mu tsallake ko da shafi guda. Akwai labarin allurar shanu, da na ajin yaƙi da jahilci, da ƙwallon da ma'aikatan jirgi suka yi da malaman makaranta, da cigiyar jaki, da gargaɗi a kan haƙa masai kusa da rijiya. A wata rana daban da na ji daɗin karanta su. Ranar nan kuwa idona suna ɗaya yake nema, kuma duk Zubairun da na gani sai gabana ya faɗi. Na ga wanda ya ci gasar noman auduga, na ga wanda kare ya ciza. Ba namu ba.

Taubashina ne ya fara lura da wani abu. Yana karatu a bayyane, da kyar, irin na wanda ya bar makaranta da wuri, sai ya fashe da dariya. "Furofesa, ji wannan. Wai an ga baki da yawa a kasuwar Bida. To da ma mutanen Bida ba su da baki?" Na karɓa na duba. Baƙi ake nufi. Tafiretar da aka yi aikin da ita ta Turanci ce, ba ta da haruffa masu ƙugiya, don haka ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, tun daga shafin farko har na ƙarshe. Mai karatu ne zai sa ƙugiyar da bakinsa. Na yi masa bayanin haka, har da ɗan jin daɗin cewa na san wani abu. Ban kawo komai a raina ba.

Aka tashi aiki ba mu samu ba. Yatsunmu sun yi baƙi, ina ta atishawa. Madam ta ce gobe Juma'a da rana za ta rufe, kuma ba za ta buɗe ba sai Litinin. Litinin ɗin da za a yi suna ke nan. Da yamma mai masaukinmu ya sa aka kawo mana doya da miyar ganye, abinci mai kyau, amma ina ci ina lissafin ɗaurin da ya rage. Ba ni da hanyar jin labarin gida. Na yi ta tunanin mai jego da abin da danginta suke cewa game da mijin da ya tafi karanta jarida. Na yi tunanin in na koma hannu wofi, Baba ba zai ce komai ba, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan a yi mini faɗa.

Ranar Juma'a hantsi ya ɗaga sosai lokacin da na gan shi. A ƙasan shafi yake, ƙarƙashin wata sanarwa ta gyaran gada. Gajere ne, don haka zan kawo shi yadda yake, ba tare da na sa masa ko ƙugiya ɗaya ba:

"Ma'aikatan jirgi sun yi wa Zubairu kara. Ran Lahadi ma'aikatan jirgi na Minna suka taru suka tafi gidan mai unguwa, suka yi wa Zubairu mai zuba kwal kara a kan maganar kwal din da ya bata. Mai unguwa ya ji bayaninsu. Zubairu ya bar aiki, ya koma garinsu Kano da iyalinsa."

Na karanta sau ɗaya. Ga shi dai, abin da Gwaggo take faɗa ne. Na miƙa wa taubashina. Ya sa yatsa yana bi harafi harafi, ya karanta da ƙarfi yadda ya gani a rubuce: sun yi wa Zubairu kara. Ya ɗago ya dube ni. Ni ma na dube shi.

Kara, irin wadda ake yi wa mutumin kirki in wani abu ya same shi, a taru a je a tsaya masa. Ko kuwa ƙara, irin wadda ake kaiwa gaban mahukunta. A baki ba mai haɗa su. A takardar nan kuwa abu ɗaya ne. Na koma kan sauran maganar ina neman abin da zai raba gardama, sai na tarar ita ma ta rabu biyu. Kwal ɗin da ya ɓata: in an gajarta wasalin ɓa, kwal ne ya salwanta ba a san inda ya yi ba; in an ja wasalin, Zubairu ne ya ɓarnatar da shi. Ta hanya ɗaya, abokan aikinsa sun je gidan mai unguwa su kare shi a kan kayan da suka salwanta. Ta ɗaya hanyar, sun je su tona shi. Kowace ka ɗauka za ta kai ka har ƙarshen labarin ba tuntuɓe.

Na kira Madam na nuna mata, na tambaye ta yadda ita za ta karanta. Ta gyara tabarau ta duba, ta ce, "Kara." Na ce wacce? Na faɗa mata su biyun a hankali. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce, "Oga, a kunnena duka ɗaya ne. Mu nan ba mu da wannan wahala." Ta ce ba za a fita da jaridar ba, amma in kwafa. Na zauna na kwafa, ina gamawa na ga hannuna ya sa wa kalmar "din" ƙugiya, ya sa wa "bata", saboda sabo. A kan kalmar nan kaɗai alƙalamin ya tsaya. Na yaga takardar na sake wata, na bar kowane harafi tsirara yadda na same shi, na sa taubashina ya gwada da na asali.

Muna fita na samu abin da zan riƙe. Na ce masa ai Bahaushe ba ya cewa an yi wa wane ƙara, sai dai an yi ƙararsa ko an kai ƙararsa. Tun da an rubuta sun yi wa Zubairu, to kara ce, kusan babu shakka. Ya ce to alhamdu lillahi, mu je mu ci abinci. Ba mu kai ga mai abincin ba muka tarar da rigima a bakin kasuwa. Wani mai kabu-kabu ya taka wa wata mata tiren tumatir, ta riƙe masa kan babur tana cewa, "Wallahi yau sai na yi maka kara wajen ciyaman ɗinku!" Na tsaya cak. Ba tsaya masa za ta je yi ba. A Hausar Minna haka ake faɗa, kuma wanda ya rubuta labarin nan, mai yiwuwa, ɗan Minna ne. Taubashina ya dubi fuskata ya ce, "Shi ke nan, ta kwance maka ɗinkin."

Madam ta riga ta gaya mana cewa tsofaffin ma'aikatan jirgi suna zama ƙarƙashin wani mangwaro a bayan tasha. Bayan an sauko daga Juma'a muka nufi can. Mun tsallaka layin dogo, muka wuce wasu tarago da ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, muka same su suna dara. Muka gaisa, na faɗi sunan kakana da aikinsa. Aka yi ta miƙa sunan daga wannan zuwa wancan, har ya isa wurin wani tsoho siriri da ke zaune a kujerar katako, da ƙaramin gicciye a wuyansa. Ya ce shi yana share inji a lokacin, yana saurayi.

"Zubairu na Kano? Dogo? Wanda yana gasa mana doya a kan shebur?"

Na ce ban sani ba, Baba.

"Shi ne. Zai wanke shebur, ya sa doya, ya tura bakin wutar inji. Kafin mu kai Zungeru ya nuna. Kowa zai samu, har ni da ba kowa ba."

Ban taɓa jin wani abu game da kakana ba wanda ba maganar kwal ba. Ban ma san dogo ne ba. Sannan na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, ranar da kuka je gidan mai unguwa, kara kuka yi masa ko ƙara?"

"Eh, kara."

"A'a, Baba. Kara, ko ƙara?" Na matse maƙogwaro a kan ta biyun har sai da na yi tari.

"To me na ce? Kara." Ya juya ga taubashina. "Wannan ɗan'uwanka, kunnensa lafiya?"

"Jami'a ce ta taɓa shi, Baba," in ji taubashina. Masu dara suka kwashe da dariya.

Na sauya tambaya, na ce ya gaya mini abin da aka yi kawai. Ya ce an ce kowa ya sa rigarsa mai kyau ya zo, shi ma ya zo. Manya suka shiga zaure, shi da sa'o'insa suna waje wajen takalma. "Murya ya tashi, murya ya sauka. Ban ji magana ba." Na ce kwal ɗin fa? Ya ce, "Ɗana, kowa yana ɗiban kwal. Matan kwatas da me za su dafa abinci? Bature ya auna, bai cika ba, dole wani ya tafi." Na ce to me ya sa Zubairu? Ya buɗe hannuwa. Abin da ya ce yana tunawa sosai shi ne ranar tafiyar. Dukansu suka raka shi tasha, shi ne ma ya ɗauki tabarmi. Direba ya yi ta busa har jirgin ya sha kwana.

Taubashina ya taɓa ni, ya ce a hankali, "Ka ji. Wa yake raka ɓarawo?" Na so in yarda. Amma ana raka mutum don girmamawa, ana kuma raka shi don a tabbata ya tafi, kuma tsohon bai ce ga wacce ba. Ana cikin haka wani daga cikin masu dara ya ce shi a saninsa mai gasa doyar nan ba Zubairu ba ne, wani Bazazzagi ne. Gardama ta kaure tsakaninsu, suka manta da mu. Muka yi godiya, muka ajiye musu goro, muka taso.

Asabar da sassafe muka kamo hanya. Taubashina ya cika but ɗin mota da doya a Paiko har direba ya yi ƙorafi. Bai tsokane ni ba sai da muka wuce Kaduna, kuma ko a nan ba tsokana ba ce. Ya ce, "Me za ka gaya musu?" Na ce zan gaya musu duka biyun, in bayyana dalilan kowacce, in ce ba a iya tabbatarwa. Ya ce, "Inna ba ta san mai yiwuwa ba. Kawu kuma ka ga idonsa ranar nan." Na ce ba zan faɗi abin da ban tabbatar ba. Ya ce ai bai ce in faɗa ba. Daga nan har Kwanar Dangora ina shirya jawabina a zuci, ina gyara shi, ina ƙara masa sharaɗi.

Mun iso bayan la'asar. Na fara biyawa gidan surukaina, na tarar mai jego da yaron lafiya, ana ta kiransa jariri. Matata ba ta yi mini ƙorafi ba, ta ce dai in yi sauri, mata suna tambayar sunan da za a rubuta a jikin kwanukan rabo. Daga nan na wuce gida. Baba yana tsakar gida a kan buzu, Gwaggo a kan kujera 'yar tsugune, kamar tun ranar da muka tafi ba su motsa ba.

Na zauna na fito da takardar, na fara da tafireta. Na yi bayanin ƙugiya, na kawo misalin baki da baƙi, na shiga maganar Hausar Minna. Gwaggo ta ɗaga hannu.

"Kai, ɗan nan, ba lacca muka aike ka ba. Ka samo ko ba ka samo ba?"

"Na samo, Gwaggo, sai dai..."

"To karanta. Yadda aka rubuta, kada ka ƙara kada ka rage."

Sai a lokacin na gane abin da ban shirya masa ba duk tsawon hanya. A ido ana iya barin kalmar nan a tsakiya. A baki ba a iyawa. Duk yadda na buɗe baki, ɗaya ce za ta fito. Na dubi takardar. Ta ce yadda aka rubuta, kuma a rubuce babu ƙugiya. Na karanta: sun yi wa Zubairu kara, a kan maganar kwal ɗin da ya salwanta. A'a, ban ce salwanta ba, ɓata na ce, gajere, amma haka kowa ya ji shi.

Baba bai ɗago ba. Gwaggo ta juya ga ɗanta ta ce, "Kai, haka ne?"

"Haka yake a takardar, Inna. Da idona na gani."

Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Ban iya ba. Na ce, "Gwaggo, tsakani da Allah, ana iya karanta shi da ƙara. Takardar ba ta nuna ba. Ni ne na zaɓa." Taubashina ya rufe fuska da hula. Na gaya musu labarin matar tumatir, da tsohon da ke ƙarƙashin mangwaro, da doyar shebur, da rakiyar tasha, har da mutumin da ya ce ba shi ba ne. Ban ɓoye komai ba.

Gwaggo ta dubi takardar da ke hannuna. Sannan ta ce, "To shi baƙon da ya karanta mana a zaure, shi ma zaɓa ya yi ke nan?"

Na ce bisa ga dukkan alamu, haka ne.

"Ba wanda ya karɓi takardar ya duba. Ba mai iyawa a cikinmu." Ta gyara mayafinta. "Duk shekarun nan." Sannan ta dubi ƙanenta. "Doya a shebur. Ka tuna ko a nan gidan ba ya yarda a dafa masa ita, sai gashi?" Baba ya ce bai tuna ba. Ta ce ai kai ba ka tuna komai. Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce, "A sa masa. Amma ni ba zan kama sunan ubana a bakina ba. Abba zan ce masa."

Kafin magariba muka tafi gidan surukaina da Baba. Aka miƙo masa yaron a cikin zane, ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya ya yi masa huɗuba. Ina tsaye kusa, na ji lokacin da ya faɗi sunan a kunnen jaririn. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan daga bakinsa ba. Ya faɗa, ya ɗan dakata, ya sake faɗa, ko da yake sau ɗaya ya isa.

Ranar Litinin aka raɗa suna, aka ci doyar Paiko. Wasu tsofaffin unguwa sun dubi juna da aka faɗa, ko kuma ni ne na ga kamar sun duba.

In an tambaye ni abin da tafiyar nan ta koya mini, zan yi taka-tsantsan. Na tafi ina zaton tsohuwar jarida alƙali ce, na tarar ita ma sai an ara mata baki. Har yanzu ban san abin da aka faɗa a zauren mai unguwar nan ba, kuma ina jin ba zan sani ba. Wani lokaci ina ganin na yi daidai, wani lokaci in ce son zuciya ne ya karanta ba ni ba. Kwafin yana cikin akwatina, ba ƙugiya ko ɗaya a jikinsa. In Zubairu ya girma ya tambayi labarin mai sunansa, ba zan yi masa bayanin tafireta ba. Zan miƙa masa takardar in ce ya karanta da ƙarfi, ni kuma in saurara.